Yadda Igiyoyin Rediyo Masu Ƙarfi Ke Hargitsa Sararin Ayonosfiya

1.0 Gabatarwa

Rediyo ya daɗe da zama abokin zaman Bahaushe. A ƙasar Danja, kamar sauran garuruwan noma na kudancin Jihar Katsina irin su Funtuwa da Bakori da Malumfashi, ba baƙon abu ba ne a tarar da manomi ya rataye rediyonsa a reshen bishiya yana ban-ruwan tumatir, ko a ga masu dafa mazarƙwaila sun kewaye shi da dare suna sauraron labaran duniya. Duk wanda ya saba da gajeren zango ya san halinsa. Tashar da aka ji raɗau da asuba takan dusashe da hantsi, wadda ta ɓace da rana takan dawo bayan magariba, wani lokaci kuma murya ta riƙa tafiya tana dawowa. Akasarin masu sauraro sukan ɗora laifin a kan batir ko eriya, alhali sau da yawa dalilin yana can sama, a wani sashe na sararin samaniya da ake kira ayonosfiya.

An daɗe ana kwatanta wannan sashe da madubi mai mayar da igiyoyin rediyo ƙasa. Kwatancen yana da amfani, amma bai cika ba, domin madubi ba ya sauyawa saboda hasken da ya faɗa masa. Ayonosfiya kuwa tana sauyawa. Idan igiyar da aka harba mata ta yi ƙarfi ainun, takan dumama ta, ta yamutsa tsarinta. Wannan babi zai bayyana yadda hakan ke faruwa, da dangantakarsa da samaniyar da ke bisa Danja, da kuma abin da ya kamata malami ya ɗauka daga ciki.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

An samar da kalmomin da ke tafe ta hanyoyi biyu da aka sani a nazarin harshe, wato aro tare da kwaskwarima, da kuma ƙirƙira daga kalmomin Hausa na asali.

(a) Ilektiron da ayon: Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya mai nauyi, wadda wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa marasa nauyi ke kewayawa. Su ne ilektiron. Idan aka fizge ilektiron ɗaya daga ƙwayar, abin da ya rage shi ne ayon. Dukkansu suna ɗauke da cajin lantarki, amma iri biyu masu jan juna.

(b) Filasma: Iskar gas ce wadda wani kaso na ƙwayoyinta ya rabu zuwa ilektiron da ayon masu yawo sakaka. Masanin Amurka Irving Langmuir ne ya raɗa mata wannan suna a 1928. Walƙiya filasma ce, haka ma abin da ke haske cikin doguwar fitilar lantarki.

(c) Saurin kaɗawa: Adadin kaiwa da komowar igiya a cikin daƙiƙa ɗaya. Ana auna shi da haz. Megahaz ɗaya kaɗawa miliyan ɗaya ke nan a daƙiƙa.

(d) Hargitsi mai ruruwa: Ƙaramar tangarɗa wadda, maimakon ta lafa, sai ta riƙa ciyar da kanta tana girma. Zaizayar ƙasa misali ce mai kyau. Ruwan sama yakan sami 'yar ƙaramar hanya a gona ya bi, bin da ya yi ya ƙara mata zurfi, zurfin kuma ya jawo ƙarin ruwa, har ta zama kwazazzabo.

(e) Gudaji: Wuraren da filasma ta fi kauri ko ta fi tsinkewa fiye da kewayenta, kamar yadda akan samu a kunun da bai damu sosai ba.

3.0 Ayonosfiya da Aikinta

Ayonosfiya tana farawa daga kimanin kilomita 60 daga doron ƙasa, ta kai har kusan kilomita 1,000. Hasken rana mai kaifi, wanda ido ba ya gani, shi ne ke fizge ilektiron daga ƙwayoyin iskar da ke can, ya samar da filasma. Masana sun kasa ta hawa uku. Hawan D yana tsakanin kilomita 60 da 90, hawan E tsakanin 90 da 150, sai hawan F daga nan zuwa sama, wanda ya fi kauri a wajajen kilomita 300. A nan akan sami ilektiron kimanin miliyan ɗaya a cikin gurbin da bai wuce ƙwayar sukari ɗaya ba. Duk da haka, ƙwayoyin da suka rabu ba su kai ɗaya cikin ɗari na iskar wurin ba.

Filasma tana da nata saurin kaɗawa na ɗabi'a, wanda ke ƙaruwa gwargwadon kaurinta. A inda hawan F ya fi kauri da rana yakan kai megahaz 9 ko fiye. Igiyar da aka harba tsaye sama takan ci gaba da hawa har ta iso inda saurin kaɗawar filasma ya yi daidai da nata, daga nan ta juyo ƙasa. Wadda saurinta ya zarce sosai, kamar ta FM da talabijin, takan huda ta wuce, shi ya sa waɗannan tashoshi ba sa cin dogon zango. Hawan D kuwa ba ya mayar da igiya, shanye ta yake yi. Da rana ta faɗi yakan kusan ɓacewa, wannan ne dalilin da ya sa tashoshin matsakaicin zango na nesa ke fitowa da dare.

A watan Disamba na 1901 Guglielmo Marconi ya aika saƙon rediyo daga Ingila zuwa gaɓar Kanada. A 1902 Arthur Kennelly da Oliver Heaviside, kowa a nasa ɓangaren, suka yi hasashen cewa akwai wani rufi a sama mai mayar da igiya, sannan Edward Appleton ya tabbatar da shi ta hanyar gwaji a 1924. Ta wannan rufi ne Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957, da Rediyon Kaduna a kan mita 49, suka riƙa isa ƙauyukan ƙasar Hausa.

4.0 Yadda Aka Gano Tasirin Igiya Mai Ƙarfi

A 1933 wani injiniya mai suna Bernard Tellegen, a garin Eindhoven na ƙasar Holan, ya lura da wani abin mamaki. Yana sauraron tashar Beromünster ta Suwizalan, sai ya riƙa jin shirin Rediyon Luksambag can ƙasa-ƙasa a cikinta, alhali zangon tashoshin biyu ya yi nisa da juna, akwatin rediyonsa kuma lafiyarsa lau. A 1934 masana biyu na Ostareliya, V. A. Bailey da D. F. Martyn, suka warware matsalar. Luksambag tana kusan tsakiyar hanya tsakanin Suwizalan da Holan, tasharta kuma tana da ƙarfi ƙwarai. Igiyarta tana girgiza ilektiron da ke ƙasan ayonosfiya, su riƙa karo da ƙwayoyin iska, su ɗau zafi. Ilektiron mai zafi ya fi yawan karo, saboda haka ya fi shanye duk igiyar da ta ratsa wurin. Idan sautin Luksambag ya ɗaga, zafin ya ƙaru, igiyar Suwizalan ta raunana, idan ya sauka ta farfaɗo. Ta haka muryar tasha ɗaya ta hau kan ɗayar tun daga sama. Wannan ita ce shaida ta farko da ta nuna cewa igiyar ɗan Adam tana iya sauya halin ayonosfiya.

Daga baya aka gina tashoshi na musamman domin yin wannan da gangan, a auna sakamakon. An fara da ta Platteville a jihar Kolorado ta Amurka a 1970. An yi irin wannan aiki a Arecibo da ke tsibirin Puerto Rico, kafin babban faifan tashar ya rushe a 2020. An buɗe ta kusa da Tromsø a ƙasar Nowe a wajajen 1980, da ta Sura a Rasha a 1981. Wadda ta fi shahara ita ce HAARP da ke Gakona a Alaska, wadda aka fara ginawa a 1993 aka kammala a 2007. Tana da eriya 180 a fili mai kimanin hekta 13, da ƙarfin megawat 3.6, tana aiki tsakanin megahaz 2.7 da 10. Rundunar sojan Amurka ce ta ɗauki nauyinta da farko, amma tun 2015 tana hannun Jami'ar Alaska da ke Fairbanks.

5.0 Hanyoyin Aukuwar Hargitsin

Dumamar da Tellegen ya ji tasirinta ita ce mataki na farko. A hawan F, inda iska ta tsinke ƙwarai, ilektiron ba ya saurin zubar da zafin da ya ɗauka, don haka zafinsa yakan ninka sau biyu ko fiye. Daga nan hargitsi iri uku ke tasowa, kowanne da girmansa da lokacinsa.

5.1 Tsagewar Igiya

A daidai inda igiya za ta juyo, tafiyarta takan ragu, ƙarfinta ya taru wuri ɗaya, saurin kaɗawarta kuma ya dace da na filasma. Wanda ya taɓa tura yaro a kan lilo ya san cewa ba ƙarfin turi ne kaɗai ke ɗaga shi ba, dacewar lokacin turin ne. Haka abin yake a nan. Idan ƙarfin igiyar ya wuce wani mizani, sai ta tsage gida biyu: igiya mai sauri ta ilektiron, wadda ake kira igiyar Langmuir, da igiya mai nawa ta ayon, wadda ta yi kama da sauti. Waɗannan biyu sukan haɗu da uwar igiyar su ƙara wa juna ƙarfi, su yi ta tsotsar kuzarinta. Duk wannan yana faruwa ne cikin 'yan ɓangarori na dubu na daƙiƙa ɗaya.

Sakamakonsa shi ne filasma ta yamutse, wasu ilektiron su sami gudu mai tsanani. Idan suka bangaji ƙwayoyin iskar oksijin sai ƙwayoyin su fitar da haske ja ko kore, wanda kyamarori masu kaifi ke ɗauka da dare. Haka nan filasmar da kanta takan fitar da sababbin igiyoyin rediyo a gefen zangon da aka aika mata, abin da aka fara ganowa a Tromsø a 1981.

5.2 Siraran Gudaji Masu Bin Layin Maganaɗisu

Duniya babban maganaɗisu ce, layukan ƙarfinta kuma sun ratsa ayonosfiya. Ilektiron yana zirga-zirga cikin sauƙi a tsawon layin, amma da ƙyar yake tsallakawa zuwa na kusa, tamkar ruwan da ke bin kwarin kunya a gona. 'Yan kilomita kaɗan ƙasa da inda igiya ke juyowa, akwai wurin da duk wani ɗan gurbi mai ƙarancin filasma ke zama tarko ga kuzarin igiyar. Kuzarin da ya maƙale ya dumama gurbin, zafin ya kori filasma daga ciki ta bin layin maganaɗisu, gurbin ya ƙara zurfi, ya ƙara kama kuzari. Zaizayar da aka ambata a baya ke nan.

Cikin 'yan daƙiƙu sai a sami ɗimbin siraran gudaji jere kamar zaren saƙa, faɗin kowanne bai wuce 'yan mitoci ba, amma tsawonsa ya kai kilomita masu yawa. Sukan shanye babban kaso na igiyar da ta haife su. Gwaje-gwajen Platteville sun nuna kuma cewa sukan warwatsa igiyoyi masu saurin kaɗawa irin na FM, waɗanda da hudawa za su yi su wuce, har a kama su a wurare masu nisa.

5.3 Tattaruwar Igiya

Na uku ya fi girma, ya kuma fi jinkiri. Igiyar rediyo takan karkata zuwa inda filasma ta fi tsinkewa, kamar yadda gilashin ƙara girman rubutu ke tara hasken rana wuri ɗaya har ya ƙona takarda. Inda igiya ta taru zafi ya ƙaru, filasma ta ƙara tsinkewa, ƙarin igiya ta karkato. A ƙarshe igiyar da ta tashi a dunƙule takan rarrabu zuwa jijiyoyi, filasma kuma ta yi manyan gudaji masu faɗin ɗaruruwan mitoci zuwa kilomita. Wannan yakan ɗauki daƙiƙu gommai zuwa 'yan mintuna. Na'urar da ke auna tsayin ayonosfiya daga ƙasa, maimakon ta sami amsa guda tsararriya, sai ta sami amsoshi barkatai.

Abin lura shi ne dukkan waɗannan ba sa ɗorewa. Da zarar an kashe na'ura, zafin yakan sauka, gudajin su narke cikin daƙiƙu ko mintuna.

6.0 Samaniyar Danja

Babu tashar dumama ayonosfiya a Nijeriya, amma hakan bai sa batun ya zama na nesa ba. Bayan layin ikwaita da aka sani a taswira, akwai wani layin daban, wato ikwaitar maganaɗisu, inda layukan maganaɗisun duniya ke kwance shamal, ba su karkata sama ko ƙasa ba. A Afirka ta Yamma wannan layi ya ratsa arewacin Nijeriya, a wajajen Zariya, yana kuma gusawa sannu a hankali. Danja, wadda ke ɗan arewa da digiri 11, tana cikin wannan ɗamara. A Alaska da Nowe layukan kusan a tsaye suke, a Danja kuwa a kwance. Wannan kwanciya ta sa hargitsi iri biyu ke aukuwa a nan ba tare da hannun kowa ba.

Na farko da rana yake faruwa. A tsayin kimanin kilomita 105 wani kogin lantarki yana kwarara zuwa gabas, faɗinsa 'yan ɗaruruwan kilomita. Sydney Chapman ne ya ba shi suna a 1951. Idan gudun ilektiron a cikinsa ya zarce saurin sauti a filasma, sai ƙananan gudaji su ɓarke. Donald Farley da Oscar Buneman sun bayyana dalilin haka a 1963. Farfesa Cyril Onwumechili na Jami'ar Ibadan yana cikin waɗanda suka yi fice a duniya wajen nazarin wannan kogi, ya kuma wallafa littafi sukutum a kansa a 1997.

Na biyu bayan faɗuwar rana yake zuwa. A lokacin hawan F yakan yunƙura sama, ƙasansa kuma ya tsinke da sauri saboda babu hasken da zai sabunta shi. Sai ya zamana filasma mai kauri tana zaune a kan marar kauri, kamar a zuba ruwa a kan man gyaɗa. Irin wannan zama ba ya ɗorewa. 'Yar tangarɗa kaɗan ta isa ta sa manyan kumfa marasa filasma su keto sama, kamar yadda ruwan rake ke tafarfasa a kaskon mazarƙwaila, wasu har su kai tsayin kilomita 1,000. An fara lura da alamun wannan a Huancayo ta ƙasar Peru a 1938, masanan Ibadan kuma sun yi nazarinsa tun wajajen 1960. A Nijeriya ya fi yawa a watannin Maris da Afrilu da Satumba da Oktoba, musamman a shekarun da rana ta fi tsananta a zagayenta na shekara 11.

Waɗannan kumfa suna daga cikin abin da ke sa gajeren zango ya riƙa rawa da dare. Sukan kuma sa saƙon tauraron ɗan Adam ya yi ƙyafƙyafta kamar tauraro, na'urar GPS ta yi kuskure ko ta rasa saƙon gaba ɗaya. Mai awon gona da matuƙin jirgin sama duk abin ya shafe su. A watan Mayu na 2024, lokacin da wata babbar guguwar rana ta yamutsa ayonosfiya, manoma da dama a Amurka sun dakatar da shuka domin taraktocinsu masu aiki da GPS sun kasa bin layi.

A nan ne amfanin tashoshin dumama ya fito. Hargitsin da ke bisa Danja ba ya jiran umarnin kowa, masani sai dai ya zauna ya jira shi. A tashar dumama kuwa shi ke zaɓar lokaci da ƙarfi da zango, ya kunna ya kashe, ya maimaita. Ko da yake musabbabin hargitsin ya bambanta, ƙa'idojin ruruwar gudaji da yadda suke warwatsa igiya suna da kusanci, don haka abin da aka koya a can yana taimakawa wajen fahimtar na nan.

7.0 Nauyin da Ke Kan Malami

A duk lokacin da aka yi fari ko ambaliya ko girgizar ƙasa, akan ga saƙonni suna yawo a wayoyin hannu cewa HAARP ce ta haddasa. A yankin da abincin jama'a ya dogara da damina, irin wannan magana tana saurin shiga zuciya, kuma malamin makaranta ne akan fara tambaya. Yana da hujjoji uku da zai iya bayarwa. Na farko, hadari da ruwan sama suna haɗuwa ne ƙasa da kilomita 20, igiyar gajeren zango kuwa tana ratsa wannan sashe ba tare da ta taɓa shi ba, sai ta kai kilomita 60 ko fiye. Na biyu, hasken rana da ke sauka a kan hekta ɗaya ta gona da tsakar rana ya kai kimanin megawat 10, wato rabin hekta ya fi dukkan ƙarfin HAARP. Tasirinta a sama ya samu ne saboda rashin nauyin ilektiron da tsinkewar iskar wurin da dacewar kaɗawa. Na uku, sauyin da take yi ya taƙaita ga samaniyar da ke bisa tashar, yana kuma gushewa da an kashe ta.

Akwai kuma darasi ta fuskar harshe. Lilo da kunya da kwazazzabo da kaskon mazarƙwaila abubuwa ne da yaron Danja ya sani tun kafin ya shiga aji. Malamin da ya fara daga gare su, sannan ya kawo sabuwar kalma, ya fi wanda ya fara da kalmar samun fahimtar ɗalibai. Sai dai wajibi ne ya nuna musu inda kwatance ya tsaya, kamar yadda aka ga gazawar kwatancen madubi.

8.0 Kammalawa

An ga cewa ayonosfiya filasma ce mai amsa abin da aka aika mata. Igiya mai ƙarfi takan dumama ilektiron, ta tsage zuwa wasu igiyoyin, ta haifar da siraran gudaji masu bin layin maganaɗisu, ta kuma tattaru ta samar da manya. A kowane hali ƙaramar tangarɗa ce ke ciyar da kanta. An ga kuma cewa samaniyar Danja, saboda kusancinta da ikwaitar maganaɗisu, tana yin irin nata hargitsin dare da rana, wanda ke shafar rediyo da GPS.

Tambayoyin Auna Fahimta

1. Bayyana ma'anar filasma da hargitsi mai ruruwa, tare da misali ɗaya-ɗaya daga muhallinka.
2. Me ya sa Tellegen ya ji shirin Luksambag a cikin tashar Suwizalan?
3. Kwatanta hanyoyi uku na aukuwar hargitsi ta fuskar girma da tsawon lokaci.
4. Mene ne ya bambanta samaniyar Danja da ta Alaska?
5. Ware kalmomin aro da ƙirƙirarrun kalmomi da ke cikin wannan babi, ka kawo madadin guda biyu daga cikinsu tare da hujja.
6. Tsara darasi na minti 35 ga ɗaliban ƙaramar sakandare a kan dalilin da ya sa tashoshin nesa suka fi fitowa da dare.